Ƙamus Cikin Ƙamus: Wane Ne Zai Zaɓi Mabuɗi?

Masu tsara manhajar kwamfuta suna da wani abu da suke kira ƙamus, kuma sunan bai yi nisa da wanda muka sani ba. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ƙamus wata ma'ajiya ce da ake haɗa kowane bayani da mabuɗinsa. In ka ba na'ura mabuɗin, sai ta miƙo maka abin da ke ƙarƙashinsa. Akwai kuma jeri, wato abubuwa a jere ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ɗalibi kan tara kalmomi a littafinsa yayin bincike. Aikin da ake yawan yi shi ne a ɗauki irin wannan jeri, a bi shi layi-layi, a mayar da shi ƙamus. To, a nan ne nake ganin ɗaliban Hausa suna da ta cewa.

Dokar wannan ma'ajiya ita ce mabuɗi ba ya maimaituwa. In aka sake zuba wani bayani a ƙarƙashin mabuɗin da ke nan, sabon zai shafe tsohon, na'ura kuwa ba za ta ce uffan ba. Yanzu mai karatu ya dubi rubutunmu na boko, wanda ba ya nuna karin sauti balle tsawon wasali. Akwai gari na mutane, akwai gari na tuwo, bambancinsu tsawon wasalin farko ne. Akwai wuya na jiki, akwai wuya ta wahala, karin sauti ne ya raba su. Kai kuwa uku ne aƙalla: suna, wakilin suna, da aikatau. Wanda bai san harshen ba zai sa rubutun kalma ya zama mabuɗi, ya haɗa shi kai tsaye da ma'ana, sai garin tuwo ya cinye garin mutane ba tare da kowa ya lura ba. In ma aka yi sakaci da haruffa masu lanƙwasa, kafa da ƙafa su ma su faɗa rami guda.

Maganin abin shi ne a gina ƙamus cikin ƙamus. Mabuɗin farko rubutun kalma. A ƙarƙashinsa wani ƙamus wanda mabuɗinsa furuci ne, wato kari da tsawon wasali. A ƙarƙashin wannan ajin kalma. Daga nan sai jerin ma'anoni, domin ma'ana takan fi ɗaya. Duk layin da aka ɗauko, sai a fara duba ko mabuɗinsa yana nan. In babu, a buɗe masa sabon gurbi, in akwai, a shiga ciki a ƙara. Wannan ɓangare ba shi da wuya, ɗalibi mai himma zai iya shi cikin 'yan kwanaki.

Inda wuyar take shi ne zaɓen abin da zai hau sama. Ɗauki saya, saye, sayar, sayo, sayu. Shin kowace za ta tsaya da kanta, ko kuwa a tara su ƙarƙashin saiwa ɗaya, a bi azuzuwan aikatau bakwai da Parsons ya tsara a 1960? Tsari na farko ya fi sauƙi ga mai neman ma'ana, na biyu ya fi amfani ga mai nazarin ƙirar kalma. Karin harshe fa, a wane hawa zai zauna, Kananci ya zama tushe Sakkwatanci reshe, ko a jera su kafaɗa da kafaɗa? Bargery ya fuskanci ire-iren waɗannan tambayoyi kafin ƙamusunsa ya fito a 1934, haka ma malaman da suka haɗa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Na'ura ba ta ɗauke mana su ba, illa dai yanzu duk wanda ya rubuta manhajar shi ke yanke hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu basira, su sa wannan ɗan darasi cikin kwas ɗin nazarin ƙamus, a riƙa ba kowane ɗalibi kalmomi ɗari daga garinsu ya gina su hawa-hawa, sannan ya tsaya gaban aji ya kare dalilin da ya sa ya ɗora wane bisa wane.