Mu je Wikki, amma kada mu bar yara a gida

Karatu: Markus 6:30-32, 1 Timoti 3:4-5

Na sami labarin muhawarar da kuka yi a taron zumunta game da shawarar zuwa Yankari bayan Kirsimeti. An ce mini wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce, wasu kuma sun ce wurin wanka a fili ba wurin mai bi ba ne. Wani dattijonmu da nake girmamawa ƙwarai ya tare ni bayan sujada ya ce, "Fasto, rufin majami'a yana yoyo, yaranka kuma suna zancen iyo." Na ce, "Baba, gaskiyarka a kan rufin." Amma a kan tafiyar ban yarda da shi ba, kuma ga dalilina.

Bara na kai iyalina. Ba don ina so ba. Maman yara ce ta dage, ta yi wata takwas tana adashi a kai. Mun fita Kano da asuba, muka bi Wudil da Birnin Kudu da Ningi har Bauchi, daga nan muka ɗauki hanyar Gombe, muka karkata a Dindima zuwa ƙofar dajin a Mainamaji. Daga ƙofar ma akwai sauran tafiya mai ɗan tsawo cikin daji kafin a isa sansanin Wikki. Dajin yana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Akwai giwaye, amma mu ba mu yi sa'ar ganinsu ba. Birai kuwa sun gan mu tun kafin mu gan su, ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannun autarmu ya haye rufi yana ci yana kallonmu.

Ruwan ne abin magana. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Da sassafe cikin hunturu, mutum yana rawar ɗari a bakin ruwa, da ya shiga sai ya ji kamar an dafa masa ruwan wanka. An ƙiyasta cewa lita miliyan 21 ke fitowa kowace rana tana gangarawa kogin Gaji. Ba famfo, ba janareta, ba mai kawo takardar kuɗin wuta. Mu da muke sayen jarka a hannun 'yan garuwa, na tsaya na yi ta lissafin kura nawa ke nan, har na gaji na bari. Zabura ta 104 tana yabon Allah a kan maɓuɓɓugan da yake sakowa cikin kwaruruka domin namun jeji su sha. Na yi jarrabawa a kan wannan zabura a makarantar tauhidi, na kuma ci, amma sai a ranar na ga abin da take nufi.

Duk da haka ba wannan ne ya sa nake rubutu ba.

Na shiga ruwa da ɗana na biyu, mai shekara 11, ina riƙe da hannunsa, ina ce masa kada ya ji tsoro. Sai ya zame hannunsa ya kama iyo. Ba iyon kirki ba, irin na fafutuka, kai a sama, hannu da ƙafa suna dukan ruwa, amma dai iyo ne. Ni ban taɓa koya masa ba. Na tambaye shi a ina ya koya. Ya yi shiru, ya kalli mamansa, can ya ce, "Baba, a kududdufi." Ashe ya fi shekara yana bin abokansa zuwa wani kududdufi da ke bayan unguwarmu idan an taso daga makaranta.

Wanda ya san cikin birnin Kano ya san abin da wannan kalma take nufi. Mu muna zaune ne daga cikin badala, kusa da Ƙofar Mazugal, ko da yake majami'armu tana Sabon Gari. Kududdufan nan ramuka ne da aka haƙa tun kaka da kakanni ana ɗibar ƙasar gini, ruwan sama da na kwata suka cika su. Ba a ganin ƙasansu. Akwai taɓo mai riƙe ƙafa, akwai fasassun kwalabe, akwai wurin da yaro zai taka a gwiwa, taku na gaba ya shanye kansa. Sau nawa muka ji a rediyo Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ta tsamo gawar yaro daga kududdufi? Ni kaina na je gaisuwar irin wannan a gidan maƙwabta. Na zauna a tabarma na yi musu ta'aziyya, ban san nawa yana shiga irin ruwan ba.

Na san wanda aurensa yake tangal-tangal a ikkilisiya. Na san wanda ya rasa aiki, da wadda take jinyar uwarta. Inda ɗana yake zuwa da ƙarfe uku na yamma ne ban sani ba. Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda zai kula da ikkilisiya sai ya fara iya kula da gidansa, na kuwa yi wa'azi a kan ayar ba sau ɗaya ba. Sai da na yi tafiyar kilomita ɗari huɗu, na kashe waya saboda ba sabis mai kyau, na tsaya cikin ruwa ba kwamiti ba baƙo, sannan yaron ya sami sarari ya faɗa mini gaskiya.

Don haka idan an ce hutu ɓarna ce, ina tuna Markus sura 6. Almajirai sun dawo daga aikin bishara, jama'a suna ta shige da fice har ba su sami damar cin abinci ba, Yesu da kansa ya janye su zuwa wurin da ba kowa su huta. Aikin bai ƙare ba a lokacin, marasa lafiya suna nan. Rufin namu ma za mu gyara shi, na riga na sa shi a gaban dattawa.

Masu damuwa da batun sutura, ina tare da ku. Amma ku je ku gani: iyalai Musulmi da Kirista suna shiga da riga da dogon wando, ba mai tilasta wa kowa tuɓewa. Mutunci daga gida ake tafiya da shi. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne mota cike da samari da 'yan mata kaɗai, da lasifika, a je a yi hotuna a dawo. Wannan ba ita ce tafiyar da nake goyon baya ba. Kowane matashi ya tafi da ƙanensa ko ƙanwarsa, wanda iyayensa za su iya su zo. Waɗanda suka iya iyo a cikinku su koya wa ƙanana a wuri marar zurfi, domin zafin Maris da Afrilu yana zuwa, kuma faɗa bai taɓa hana yaron Kano neman ruwa ba. Gara ya san yadda zai ceci kansa, ya kuma ga bambancin ruwan da ake ganin ƙasansa da wanda ba a gani. Wikki ma yana da zurfi ta wajen dutsen, saboda haka kowane yaro da babban da idonsa ke kansa, ba wanda idonsa ke kan waya ba.

Kada kowa ya ci bashi don wannan. Wanda ba shi da hali ya gaya mini a ɓoye, za mu san yadda za a yi. Kada kuma a ce tunda Yankari ta yi nisa a kai yara Tiga su yi wanka. Ruwan dam ba wurin koyon iyo ba ne. Za mu tambayi 'yan'uwa a Bauchi halin da hanya take ciki kafin mu tsayar da rana, kuma da rana za mu yi tafiya, zuwa da dawowa.

Takardar rubuta suna tana wurin sakataren zumunta daga wannan Lahadi. A rubuta sunan yaro da shekarunsa, da ko ya taɓa shiga ruwa. Iyaye, wannan tambaya ta ƙarshe ku yi wa yaran da kanku, a hankali, ba da bulala a hannu ba.