Lambobin Azurfa na Tunawa: Ma'auni, Ciniki da Zakka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan uwa masu girma, bayan sallar La'asar wani bawan Allah ya tsayar da ni da wayarsa a hannu. Ɗan uwansa da ke zaune a Turai ya aiko masa da hoton wasu lambobin azurfa, masu kama da tsabar kuɗi amma ba kuɗin kowace gwamnati ba ne. Wani kamfani ne ya buga su don tunawa da manyan mutane, ya jera su cikin akwati mai ƙarammiski tare da takardar shaida. An ce masa kaɗan aka buga, wanda ya saya yau zai sayar da ninki gobe, kuma ana iya biya wata-wata. Ya ce: "Malam, in zuba kuɗin gonata a ciki?" Na ga ya dace amsar ta iso ga kowa.

Wannan sana'a tana da tarihi. A shekarar 1964 wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Segel ya kafa kamfanin Franklin Mint a jihar Pennsylvania ta Amurka. Kamfanin ya riƙa buga jerin lambobi masu ɗauke da hotunan shugabannin Amurka da abubuwan tarihi, ana aika wa masu rajista ɗaya bayan ɗaya, mutane da yawa suna tarawa da zaton ajiya ce ga ƴaƴansu. A 1978 shirin talabijin na 60 Minutes ya bi diddigin abin da ake ba masu son sayar da nasu, ya nuna cewa dillalai suna tayawa ƙasa da abin da aka biya. Da farashin azurfa ya kusa dalar Amurka 50 kowane oza a watan Janairun 1980, an kai ɗimbin irin waɗannan lambobi wurin narkarwa, ba tare da an dubi zanen da ke kansu ba. Kafin ƙarshen watan Maris na shekarar farashin ya faɗo zuwa wajen dalar Amurka 11.

Dalilin a fili yake. Abin da mai saye ya biya kashi uku ne: azurfar kanta, aikin zane da akwati da talla, sai ribar kamfani. Ranar sayarwa kashin farko kaɗai ke biyo shi kasuwa, shi ma sai dillali ya cire nasa. Maganar "kaɗan aka buga" ba ta ƙara daraja sai in akwai masu nema, alhali duk wanda ke so ya riga ya saya daga kamfanin, ya adana nasa fes cikin akwati. Akwai ƴan kaɗan da masu tarawa ke ƙara musu kuɗi, sai dai mai hankali ba ya gina rumbu a kan tsuntsun da ke sama.

Kakanninmu sun fi mu sanin wannan. Tsabar azurfar nan ta Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wadda ke ɗauke da shekarar 1780, ta yi yawo a kasuwannin ƙasar nan, maƙeran Agadez suna narkar da ita su ƙera kayan ado. Abin da ya sa aka amince da ita shi ne an san nauyinta, wajen giram 28, an kuma san yawan azurfar da ke cikinta.

Shari'a ma da ma'auni take kallon azurfa, kuma abubuwa uku ne suka hau kanka.

Na farko, ciniki. Hadisin Ubada ɗan Samit da Muslim ya ruwaito ya sa azurfa cikin abubuwa shida da riba ke shiga: in za a musanya ta da jinsinta sai nauyi ya zo daidai, in da zinariya ce ana iya fifita ɗaya, amma a kowane hali sai hannu da hannu. Saboda haka ba ya halatta ka ba da giram 40 na tsohuwar azurfa ka karɓi lamba mai giram 30 da hujjar kyawun zane. Mafi yawan malaman wannan zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa, don haka in da sefa za ka saya, ku daidaita a kan farashin da kuka yarda, amma kuɗi da kaya su sauya hannu a zama ɗaya. Sayen azurfa bashi, ko biya kashi-kashi, ko tura kuɗi yau a jira kaya bayan makonni, duk sun saɓa wa wannan sharaɗi. Mafita ita ce ka wakilta amintacce a can, ya biya ya karɓa nan take.

Na biyu, zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne kamar yadda muka karanta a Risala, wanda ya yi daidai da wajen giram 595, abin fitarwa kuwa rubu'in ushiri, wato kashi 2.5 cikin ɗari, bayan shekara ta kewayo. Waɗannan lambobi ba adon da mace ke sawa ba ne balle a ɗauke musu zakka. Oza ɗaya giram 31.1 ne, don haka lambobi 20 na tsantsar azurfa masu oza ɗaya-ɗaya sun haura nisabi. In an rubuta 925 a jiki, ma'anarsa kashi 92.5 cikin ɗari ne azurfa, sai ka lissafa da wannan. Mai giram 600 na tsantsa zai fitar da giram 15 ko ƙimarsu a ranar fitarwa. Kuma ana haɗa azurfar da zinariya da kuɗin da kake da su wajen cika nisabi. Aya ta 34 da ta 35 cikin Suratut Tauba sun yi kashedi mai tsanani ga masu taskace zinariya da azurfa ba su fitar da haƙƙin Allah, kuma akwati mai ƙyalli ba ya kare kowa daga wannan kashedi.

Na uku, gaskiya ranar sayarwa. Wanda ya gane an yi masa tsada, Shaiɗan zai raya masa ya nemi wani ya ɗora masa asarar da irin zaƙin bakin da aka yi masa. Ka ji tsoron Allah. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya barrantar da kansa daga mai algus. Faɗi nauyin, faɗi tsarkin, in ruwan azurfa ne kawai aka shafa a kan tagulla ka bayyana.

Abin da na ce wa mai tambayar shi ne: sha'awar tara abu mai kyau ba haramun ba ce ga wanda ya sauke nauyin iyalinsa, ya kiyaye sharuɗɗan nan. Amma kuɗin gona, da na sadakin ɗa, da na magani, ba a kai su inda za a ba da jika goma a dawo da biyar. In azurfa kake son ajiyewa, je wurin maƙerin da ka amince da shi, a ɗora a ma'auni kana gani, ka tambayi nawa zai ba ka in ka dawo da ita gobe. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asarar da ka ɗauka tun kafin ka bar rumfar.

Allah ya tsarkake dukiyoyinmu, ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga riba da yaudara. Allah ne mafi sani.