Daga Alƙalamina: Waƙa, Labarin Kisa da Takardar Asibiti

  

Wata ƙanwata daga Gusau ta aiko mini da wasiƙa, har da ɗan fushinta a ciki. Ta ce, "Anti, wai me yake damunki ne? Wannan wata ki kawo mana waƙa, wata na gaba labarin kisan kai da ya hana ni barci, na gabansa kuma ki hau yi mana bayanin ciwo kamar wata nas. Mu fa soyayya muka saya." Na yi dariya sosai, amma tana da gaskiyarta, don haka yau ita zan ba amsa.

Duk ukun nan a littafi ɗaya nake rubuta su, irin mai bangon kwalin nan na 'yan makaranta, kuma yawancinsu a kan tabarma, gefen gadon asibiti, wajen ƙarfe biyun dare. Ƙanwata da muke ciki ɗaya tana da sikila, wato amosanin jini. Shekarunta 14. Da hunturu ya shigo, ko ta yi zazzaɓin cizon sauro, sai ciwon ya tashi, ta riƙe ƙafa tana cewa, "Yaya, sara mini ƙashi ake yi." Mai jinyar irin wannan ba ta da barci, to ni da in zauna ina ƙirga ɗigon ruwan da aka ɗaura mata, gara in ɗauki biro.

A irin wannan dare ne wata nas, Allah ya saka mata da alheri, ta zauna ta yi mini bayani. Ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna bin ƙananan jijiyoyi sumul, kuma sukan kai kwana 120 kafin su mutu. Na mai sikila kuwa lanƙwashewa suke kamar lauje, su yi tauri, su toshe hanya, wannan shi ne azabar. Kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, shi ya sa kullum jini yana ƙaranci, ido ya yi ɗorawa.

Kafin a haifi ƙanwar tawa, Ummanmu ta rasa yara maza biyu, ba wanda ya kai shekara uku. Ana cewa hannuwansu da ƙafafunsu kumbura suke yi, su kwana suna tsala ihu. Wasu suka ce wabi ne. Wasu kuma suka koma gefe suna nuna abokiyar zamanta da baki, wai ai ga 'ya'yanta nan ƙalau, ko ciwon kai ba sa yi. Baiwar Allah nan ta yi shekaru a gidanmu in ta miƙo mana abinci sai a ƙifta mana ido. Sai da aka gwada ƙanwata, aka gwada iyayenmu, sannan magana ta fito: Baba AS, Umma AS, ita kuma da ta je daga baya aka ce AA ce. Wallahi har yau in na tuna kunun da na taɓa zubarwa a bayan ɗaki don ita ta dama, kunya takan kama ni.

Daga nan labarin kisan ya samo asali. Tun ina aji uku da na karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982, nake sha'awar in rubuta littafin da zai sa gaban mai karatu ya riƙa faɗuwa. A nawa, gidan wani Alhaji ne yara suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Amarya ta zargi uwargida, aka je wajen boka, aka tona tsakar gida neman layu, har 'yan sanda suka shigo. Wadda ta warware maganar wata yarinya ce 'yar makarantar koyon aikin jinya, kuma da 'yar guntuwar takardar gwaji ta kama mai laifin. Da na kai wa wani dillalin littattafai ya duba, sai ya ce, "Hajiya, labari ya yi, amma ƙarshen nan ba zai shiga kasuwa ba. Ki mayar da shi uwargidan ce take zuba guba a kunu." Na karɓi abina na dawo gida. Ina dalili, in sake ɗora wa matar nan laifi a karo na biyu, da hannuna?

Saura waƙa. Wannan ita ce mai wuyar faɗa, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Akwai wanda muka yi shekara biyu muna tare, har an kawo kuɗin gaisuwa. Ni na san AS ce ni, sai dai na yi ta jan ƙafa wajen ce masa ya je ya gwada, don ina tsoron amsar. Da ya je, shi ma AS. Ku sani, AS ba ciwo ba ne, mai shi lafiyarsa lau, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka yake. Amma in biyu suka haɗu, kowane ciki da aka samu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki fa na ce, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauka ba. Ummanmu ta haifi biyar, uku suka ɗauka.

Ya ce mini, "Ai Allah ne mai rayawa." Na ce haka ne, kuma Shi ya ba mu sanin. Wani abokinsa har cewa ya yi ya san inda za a rubuta masa AA a takarda. Na ce ita takardar ce za ta kwana da yaron a asibiti? Baba ya mayar musu da kuɗinsu. Na yi sati ban iya cin abin kirki ba, ranar da na iya riƙe biro kuwa abin da ya fito ke nan:

Na so ka har cikin zuciya,
Kai ma ka so ni da gaskiya,
Ɗan da ba a haifa ba tukun,
Shi na zaɓa wa lafiya.

A 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na sikila. Na ji daɗin dokar, sai dai gwajin da aka yi bayan an haɗa lefe an buga kati ya zo a makare, lokacin zuciya ta riga ta yi nisa, kunyar dangi kuma ta shigo. Ke da kike aji huɗu ko biyar, ki roƙi Mama ta kai ki yanzu, tun ba kowa a ranki. In kin je ki ce gwajin jinotayif kike so, wanda zai nuna AA ko AS ko SS, don da yawa sukan dawo da O ko B, wannan rukunin jini ne, daban yake. In da hali ki maimaita a wani wurin, ana samun kuskure. Kuma don Allah a daina gudun masu sikila kamar abin ɗauka ne. Mai SS in ta auri mai AA, 'ya'yansu AS za su zo.

Ƙanwata ta Gusau, soyayyar da kika saya tana ciki, ki sake dubawa. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu zan fara kawo muku babi na farko na labarin gidan Alhaji, da ƙarshensa yadda na rubuta shi. Bari in tashi, ga mutuniyar tawa can ta farka tana neman ruwa.