Allurar Goge Tamojin Ƙirji: Uwargida, A Yi Hattara

Uwargida, idan fatar ƙirjinki ta fara tamoji, yawanci shekaru ne da zafin rana da yawan kwanciya ta gefe. Man bilicin ma yana sa fata ta yi siriri.

Allurar Botox tana sassauta tsoka, amma aikinta wata 3 zuwa 4 ne kawai. Allurar cike fata kuwa, idan ta shiga jijiyar jini tana iya toshe ta, wurin ya ruɓe.

Don haka kada ki yarda a yi miki a shagon kwalliya. Ki je Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa, ki nemi shawarar likita. Mai juna biyu da mai shayarwa su dakata tukuna. Allah ya ƙara mana lafiya.