Shayin madara da mangwaro: Yadda za ku haɗa shi a gida ba tare da ya tsinke ba

 

Wannan makon kicin za mu shiga. Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya sha ganin wani shayin madara mai sanyi a dogon kofi, mai launin mangwaro ko na wani kayan marmari, wani lokaci da baƙaƙen ƙwallaye a ƙasansa. Yanzu har a manyan biranenmu ana sayar da shi, sai dai kofi ɗaya na iya cinye kuɗin tara na kwana da kwanaki.

Daga tsibirin Taiwan wannan shayi ya fito a shekarun 1980, kuma shaguna biyu, ɗaya a birnin Taichung ɗaya a Tainan, kowanne na cewa shi ya fara yin sa. Ƙwallayen nan da ake kira boba da sitacin rogo ake yin su, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya. Ganyen shayi ma ana noma shi a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Mangwaro kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a bakin titi. Kun ga kayan haɗi ba su yi mana nisa ba.

Matsalar guda ɗaya ce. Da yawa idan sun zuba kayan marmari a shayi mai madara, sai madarar ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, ruwa gefe, tsaki gefe. An yi asarar madara, ga faɗan Umma. Wanda ya san dalilin haka ya gama rabin aikin.

Me ke sa madara ta tsinke?

Ku tuna ma'aunin pH da ake koya muku a darasin kimiyya: daga 7 zuwa ƙasa, tsami na ƙaruwa. Madara tana wajen 6.7. A cikinta akwai wani furotin mai suna kesin, wanda ke yawo a warwatse cikin ruwan. Idan tsami ya shiga har ma'aunin ya sauka zuwa wajen 4.6, sai ƙwayoyinsa su manne da juna su dunƙule. Zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Kun taɓa ganin irin haka a gida: mai yin awara tana tafasa ruwan waken suya ne, ta zuba ruwan tsami, nan take ya dunƙule. Abin da take nema ke nan, mu kuma shi muke gudu.

Lemon tsami yana tsakanin 2 da 3 a ma'aunin, don haka shi da madara ba sa ga maciji. Haka tsamiya da zoɓo da ɗanyen mangwaro. Lemon zaƙi ma yana da tsamin da zai iya ɓata muku aiki. Ku lura kuma, sukari yana ɓoye wa harshe tsami ne kawai, ba ya cire shi.

Abarba da gwanda suna da wata matsalar daban. Ɗanyunsu na ɗauke da sinadaran da ke yayyanka furotin, sai madara ta yi ɗaci idan ta ɗan jima. Irin wannan aiki ne ruwan tumfafiya ke yi idan Fulani za su yi cuku. Dahuwa tana kashe ƙarfin sinadaran, shi ya sa ba a sa abarba sai an dafa ta, kuma kaɗan ake sawa domin tsaminta yana nan.

Waɗanda suka fi zama lafiya da madara su ne dabino, ayaba, kankana da mangwaron da ya nuna sosai.

Kayan haɗi na kofi biyu

Ganyen shayi na jaka guda 2, ruwa kofi 1, mangwaro nunanne 1 (mara zare ya fi), sukari ƙaramin cokali 3, madarar gari babban cokali 4 ko rabin ƙaramin gwangwani na madarar ruwa, sai ƙanƙara ta ruwa mai tsabta.

Yadda ake yi

Da farko a wanke hannu da mangwaron. A fere shi, a yanka tsokar ƙanana a tukunya, a zuba sukarin da ruwa babban cokali 4. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan na minti 5 zuwa 7, ana dannawa da bayan cokali har ya narke ya yi kauri. A tace da rariya, a ajiye ya huce sarai. Mai bilenda zai iya niƙawa kafin tacewa, amma ba dole ba ne.

Na biyu, a tafasa ruwa kofi ɗaya, a sauke, a jefa ganyen shayin a rufe na minti 4 zuwa 5. Ana so ya yi ƙarfi, domin madara da ƙanƙara za su sirka shi. Amma idan ya wuce haka, ko aka yi ta matse jakar, bauri zai fito ya danne ɗanɗanon mangwaron. A cire ganyen, a bar shi ya huce.

Na uku, idan madarar gari ce, a dama ta da ruwan ɗumi rabin kofi har ba gudaji, ita ma ta huce. Sai a juye ta cikin shayin a gauraya.

Na huɗu, kafin a haɗa duka, a yi gwaji. A ɗebi shayin cokali biyu a ƙaramin kofi, a ɗiga ruwan mangwaron, a jira minti ɗaya. Idan ya tsaya sumul, sai a riƙa zuba mangwaron cokali-cokali cikin sauran ana juyawa. Idan kuma ya yi gudaji, mangwaron yana da tsami, sai a sha shi daban, shayin ma daban. Asarar cokali biyu ta fi asarar gwangwani sauƙi.

A ƙarshe a zuba a kwalba mai murfi tare da ƙanƙara, a girgiza sosai har ya yi kumfa, a juye a kofi.

Mai son na dabino ya cire ƙwallon guda 5 ko 6, ya jiƙa a ruwan zafi, ya niƙa, ba sai ya ƙara sukari ba. Na ayaba kuwa a sha nan take, domin tana saurin yin duhu. Mai sha'awar boba ya nemi sitacin rogo na abinci, ba na wanki ba, kuma kada a yi wasa da ɗanyen rogo domin yana da guba. Kada kuma a bai wa ƙananan yara ƙwallayen, suna iya maƙale musu a wuya.

A kula da waɗannan

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa ya fi kyau sukarin da babban mutum ke sha a yini ya tsaya wajen giram 25, kimanin ƙaramin cokali 6 ke nan, kuma har da na zuma da ruwan kayan marmari a lissafin. Don haka kofi ɗaya ya isa.

Shayi yana da sinadarin kafeyin mai hana barci, kada a sha shi da dare ana gobe makaranta. Yana kuma rage yawan sinadarin ƙarfe mai gina jini da jiki ke samu daga wake da ganyaye, saboda haka a ba da tazara tsakaninsa da abinci, musamman 'yan mata. Sannan abin da aka haɗa da madara bai kamata ya wuce awa 2 a waje da firij ba, a tsananin zafi ma awa 1. Kada a kai shi makaranta a gora tun safe a ce sai an tashi za a sha.

Ga ɗan aikin gida: ku zuba madara cokali biyu-biyu a kofi uku. Ku ɗiga lemon tsami a na farko, ruwan kankana a na biyu, ruwan ɗanyar abarba a na uku. Ku rubuta abin da kuka gani bayan minti 1 da bayan minti 20, ku nuna wa malamin kimiyya, mu ma ku aiko mana. Sai dai a nemi izinin Umma kafin a taɓa gwangwaninta.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.