Hular Digiri da Malfar Jaji

Duk ranar da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta yi bikin yaye ɗalibai, motocin haya daga Giyawa da Wurno da Rabah sukan cika da mutanen da akasarinsu ba su taɓa zama ajin jami'a ba. Murnarsu halal ce, domin da guminsu aka sayi takardar. Kawu ya sayar da albasar fadama, inna ta kai tunkiyarta kasuwa. A 2022, da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas, su ɗin ne suka ci gaba da ciyar da ɗalibin da ya dawo gida zaman jira.

Abin takaici shi ne bikin ya zama ban kwana. Ana gama ɗaukar hotuna, mai digiri zai wuce bautar ƙasa, daga can sai Abuja ko Kaduna. Garin da ya ɗauki nauyinsa ba ya sake ganinsa sai ranar Sallah ko zaman ta'aziyya, alhali firamaren da ta koya masa baƙi da wasali tana neman malami ruwa a jallo.

Wannan ƙasa ta san wata irin yayewa tun kafin a kafa jami'ar a 1975. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru. Idan mace ta samu ilimi, sai ta ɗora mata malfa, ta naɗa ta jaji, ta tura ta karkara ta karantar da mata. Malfar alamar aiki ce da aka ɗora wa mutum. Hular digiri kuwa yau an mayar da ita shaidar kuɓuta daga ƙauye.

Masu kare kansu za su ce babu tsaro, kuma ba ƙarya suka yi ba. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. Ba wanda zai ce wa ɗan kowa ya kai kansa ga halaka. Sai dai waɗanda suka biya kuɗin karatun nan suke kwana, nan suke noma. Kuma biyan bashi ba lallai sai da tarewa ba. Mai albashi a birni yana iya saya wa yarinya ɗaya fom ɗin JAMB kowace shekara. Lauya yana iya bin diddigin kuɗin makarantu a ƙaramar hukuma. Likita yana iya ba asibitin garinsu kwana biyu a wata idan hanya ta yi kyau.

Wanda ya yarda gari ya taya shi murna, ya amsa cewa gari yana bin sa bashi. Kafin a tashi daga walimar bana, ya kamata dattawan Giyawa su tambayi kowane mai sabuwar hula wane yaro zai ɗauka.