Sharhi: Maƙwabtan Gaskiya, Ina Littattafan Yaranmu?

Daga Gyallesu zuwa harabar Kamfanin Gaskiya ba wata tafiya ba ce mai nisa. A wannan yanki namu na Zariya aka yi shekaru ana buga littattafan da ɗaukacin ƙasar Hausa ta koyi karatun boko da su. A nan Zariya Hukumar Talifi ta zauna, a nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan Kamfanin Buga Littattafai na Arewa, wato NNPC, ya biyo baya a 1966. Duk da wannan gado, malamin da ke shiga aji a unguwannin nan ya san cewa akwai yaran da ke kammala firamare ba su taɓa karance littafin labari guda daga bango zuwa bango ba. Wannan mujalla na ganin lokaci ya yi da reshenmu na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya zai ɗauki wannan batu a matsayin nasa, ya sa shi a jerin abubuwan da yake fafutuka a kai, kusa da batun albashi da ƙarin girma.

Ya kamata mu tuna yadda abin ya faro, domin akwai darasi a ciki. A 1933 Hukumar Talifi, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, saboda makarantu sun fara yaye masu iya karatu amma babu abin da za su karanta. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abubakar Imam malamin makarantar midil ne a Katsina a lokacin, Tafawa Ɓalewa kuma aikin koyarwa ya yi a makarantar midil ta Bauchi. Ashe ke nan masu riƙe da alli na cikin waɗanda suka aza harsashin adabin Hausa na zamani, kuma gasa ce ta zaburar da su. Bayan haka Imam ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, littafin da kakanninmu da iyayenmu suka yi ta karɓa-karɓa da shi har takardunsa suka yi laushi.

Abin da mutanen 1933 suka gane shi ne iya haɗa baƙi da wasali somin-taɓi ne kawai. Yaron da ya koyi haruffa amma bai samu abin karantawa ba, karatun zai dushe masa kamar wuƙar da aka jingine ta yi tsatsa. Ƙwarewa a karatu tana zuwa ne da yawan yi. Sai yaro ya ci karo da kalma sau da dama kafin idonsa ya riƙa ɗaukarta a dunƙule, kuma sai ya daina fama da haruffa sannan hankalinsa ke samun sararin bin ma'ana. Ajin da ya cika maƙil, inda malami ke karanta abin da ke kan allo yara na amsawa baki ɗaya, ba ya ba da wannan dama. Hasali ma amshin yakan ɓoye wanda bai iya ba, domin bakinsa na motsi tare da na kowa. Sai ranar da aka miƙa masa takardar jarrabawa shi kaɗai asiri ke tonuwa.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kusa tara cikin goma. Yaron da ya shiga aji huɗu a haka, kowane darasi ya rufe masa ƙofa, domin lissafi da kimiyya da tarihi duk ta hanyar karatu ake shigarsu. Daga nan sai gajiya, sai fashi, sai iyaye su ga gara ya tafi wajen koyon sana'a, ita kuma yarinya a ɗora mata talla.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu kai tsaye. Duk lokacin da aka ce yara ba su iya karatu ba, malami ake fara nunawa da yatsa. Ba mu manta da 2017 ba, lokacin da aka yi wa malaman firamare na Jihar Kaduna jarrabawar gwaji, wadda ta kai ga sallamar fiye da mutum 21,000. Kowa na da ra'ayinsa a kan abin da ya faru, amma darasi ɗaya ya fito fili: idan ba mu ne muka fara magana a kan karatun yara ba, wasu za su yi ta a madadinmu, kuma ba za su ambaci ajin da babu littafi ko ɗaya a cikinsa ba. Ƙungiyar da ke riƙe da hujjar cewa ta auna karatun ɗalibanta, ta nemi littattafai, ta nuna abin da ya canja, tana da bakin magana a gaban kowace hukuma.

To, me ake nufi da ɗakin karatu a makarantar da ko azuzuwa ba su ishe ta ba? Idan muka ce sai an gina mana zaure mai kantoci da fanka, za mu daɗe muna jira. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanda gara da ɓera ba sa iya shiga, da littattafai talatin ko arba'in a ciki, da littafin rajistar aro, ya isa a fara. Abin da ke mayar da akwati ɗakin karatu shi ne a buɗe shi. Mun san makarantun da aka kai wa littattafai amma suna nan a ƙulle cikin kabad a ofis, ledarsu ma ba a cire ba, saboda shugaban makaranta na tsoron ranar da masu bincike za su zo ƙidaya a ce wasu sun ɓace. Wannan tsoro yana da tushe, kuma aikin ƙungiya ne ta kawar da shi. Muna kira ga ofishin Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumar Zariya da hukumar SUBEB ta jiha su fitar da umarni a rubuce cewa littafin da ya tsufa ko ya yage a hannun yara ba laifin malami ba ne. Littafin da ya yage don an karanta shi ya biya kuɗinsa.

Sai kuma abin da za a zuba a akwatin. Littattafan darasi suna da muhallinsu, amma ba su ke sa yaro ya manta da lokacin tashi ba. A fara da Hausa, harshen da yaro ke mafarki da shi, wanda kuma rubutunsa ke bin furuci sau da ƙafa, abin da ke sauƙaƙa wa mai koyo. Ga 'yan ƙananan azuzuwa akwai Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Ga manya akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da Magana Jari Ce ɗin kanta. A haɗa da ƙananan littattafan Turanci masu hotuna, domin wanda ya riƙe karatu da harshensa yakan ƙetara zuwa wani harshen da sauƙi. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato a kan wannan tunani aka gina shi.

Abu na uku shi ne lokaci. Duk abin da ba ya cikin jadawalin darasi, a makaranta marayan aiki ne. Muna ba da shawarar a ware darasi guda a kowane mako ga kowane aji, wanda ba za a ci shi da shara ko kwafar rubutu ba. Malami ya karanta wa yara labari da murya mai daɗi na 'yan mintoci, ya tsaya a daidai inda zance ya yi zaƙi, sannan ya raba littattafai kowa ya karanta da kansa ko su biyu-biyu. Ranar Juma'a a ba da aro zuwa Litinin. Yarinyar da aikin gida ya cinye mata yini, wataƙila bayan sallar isha'i ne kaɗai take da sarari, kuma littafin da ya shiga gida ƙanne da yayye da ma uwa duk za su leƙa shi.

Game da gasa kuwa, mutanenmu ba baƙinta ba ne. Musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke jagoranta a matakin ƙasa tun 1986, ta nuna yadda gasar da ke tasowa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa ke sa yara himma, ta sa iyaye alfahari. Sai dai gasar karatu tana da tarko. Idan aka bar ta sakaka, kowace makaranta za ta zaɓi haziƙai biyu ta yi ta ba su horo, sauran ɗaruruwan su zama 'yan kallo. Kuɗin kuma ya ƙare a hayar rumfa da kujeru da lemon manyan baƙi, a yi jawabai, a ɗauki hotuna, a watse, ba a ƙara wa akwati ko littafi ɗaya ba.

Don kauce wa haka, ga ƙa'idojin da muke ganin sun dace. A fara gasar daga cikin aji, kowane yaro ya shiga. Rabin wakilan makaranta a fitar da su ta hanyar ƙuri'a a ranar gasar, yadda babu malamin da zai san wanda za a kira, dole ya kula da kowa. Rubutun da za a karanta ya zama wanda yaro bai taɓa gani ba, a kuma bi shi da tambayoyi a kan ma'ana, domin a bambanta karatu da hadda. A auna kowane yaro a farkon zango, kalma nawa yake karantawa daidai cikin minti ɗaya, a sake aunawa a ƙarshe, a ba da babbar kyauta ga wanda ya fi ci gaba, ko da bai kai na ɗaya ba. Kyaututtukan su zama littattafai, ɗaya na yaron, ɗaya na akwatin ajinsu. Daga makaranta sai a haɗu a matakin mazaɓa, Gyallesu da Tudun Wada da Tukur-Tukur da Kwarbai, har zuwa Dambo da Wuciciri, don kada makarantun karkara su zama 'yan rakiya. Ranar Littafi ta Duniya, 23 ga Afrilu, ko Ranar Malamai, 5 ga Oktoba, kowacce ta dace da zagayen ƙarshe.

Mun san abin da wasu 'yan uwa za su ce, kuma suna da gaskiya: malamin da ke fama da aji mai cunkoso, ga haƙƙoƙinsa da ba su gama fitowa ba, yaya za a ƙara masa wani kaya? Amsarmu ita ce kada aikin ya zama sadaka da ake tatsa daga malami. Wanda aka ɗora wa kula da littattafai a rage masa darussa, a rubuta aikin a takardunsa, a lissafa shi lokacin ƙarin girma. Kuɗin akwati da littattafai kuma kada su fito daga aljihunsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa gwamnati alhakin ilimin farko kyauta, littafi kuwa yana cikin wannan alhaki kamar yadda allo da kujera suke.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Allah ya hore mana maƙwabta. Babbar makarantar horar da malamai ta tarayya tana nan a ƙofarmu, ɗalibanta na zuwa makarantunmu gwajin koyarwa, suna iya riƙe darasin karatu da aikin aunawa. Jami'ar Ahmadu Bello, da harabarta ta Kongo da ke kusa da mu, tana da masana harshe da masana aikin laburare waɗanda za a iya roƙa su zama alƙalan gasa. Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tuntuɓi tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar unguwa. Idan gidaje ɗari suka kawo littafi ɗai-ɗai, akwati uku sun samu abin farawa.

Ku kuma iyalanmu da ke karanta wannan mujalla, gyara daga gida yake farawa. Abin kunya ne a ce ɗan malami ba shi da littafin kansa ban da na darasi. Uwa ko da ba ta yi boko ba, tana iya cewa ɗanta ya karanta mata shafi guda tana tankaɗe, ta tambaye shi abin da ya faru a labarin. Uba ya ajiye waya na rubu'in sa'a ya saurara. Yaro na ganin abin da manya suka ba muhimmanci, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, kowane wakilin makaranta kuma ya zo da amsar tambayoyi uku: littattafan karatu nawa ke makarantarku, a ina suke ajiye, yaushe rabon da yaro ya tafi da ɗaya gida? Da waɗannan amsoshi za mu tunkari hukuma, da su kuma za mu auna kanmu a ƙarshen shekara. Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci yaranmu.